Kwanon da Na Rataya a Danga

Nima, Accra

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Ɗanlami, a birnin Santambul.

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya. Allah Ya tsare ka a ɗaki da kan hanya, Ya kare ka daga sanyin nan da ka ce yana shiga har cikin ƙashi, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da mugun aboki. Mu nan lafiya ƙalau. Labarin gida kuwa ba zan ba ka ba yau, don ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Takardarka ta iso ranar Talata, na karanta ta sau uku. Ka ce wata uku ke nan Turkanci ya ƙi zama a kanka, kuma ba za a bar ka ka fara karatun likitan da ya kai ka ba sai ka iya shi. Ka ce in ka buɗe baki, a aji ko a kanti, dariya ake yi. Ka ce daga makaranta sai ɗaki, abincinka burodi da shayi. A ƙarshe ka ce in je Kotobabi wurin kawunka, in roƙe shi ya san yadda zai yi ya dawo da kai gida kafin azumi. Amsata tana can ƙasan takardar nan, amma kada ka tsallake ka je can. Na san halinka, tun kana ƙarami kifin kake fara cinyewa ka bar dokunun, tuwon masarar nan.

Kai ɗan fari ne, ka kuwa san kunyar da ke tsakaninmu. Ban taɓa zaunar da kai na ba ka labarin kaina ba, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba. To takarda ba ta kallon mutum a ido, saboda haka yau zan faɗa maka abin da ban iya faɗa da baki ba. Ni ma na yi baƙunci, kuma ban iya shi ba. Abin da kake yi a can, kusan duk na riga ka yin sa a nan.

Ina 'yar shekara goma sha tara babanka, Allah Ya jiƙansa, ya taho da ni daga ƙasar Katsina. Shi ya riga ya san hanya, yana fataucin goro tsakanin Kumasi da nan. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga can jirgin ruwa. A wancan lokaci jirgi ba ya matsowa gaɓa, sai a sauke mutum cikin kwalekwale, ƙarti suna tuƙi suna waƙa, ruwa yana cilli da ku sama da ƙasa. Na taka ƙasar nan ina amai. Na saurari mutanen bakin teku ban tsinci ko kalma ɗaya a bakinsu ba, nan take na ce a raina wannan wuri ba na zama ba ne. Nima a lokacin 'yan gidajen laka ne a cikin ciyawa, shanu suna kiwo inda yanzu motoci suke tsayawa.

Kuskurena na farko adudu ne. Innata ta haɗa mini kayan ɗaki, tasoshi da fanteka da zannuwan saƙi guda biyu. Na tura adudun ƙarƙashin gado ban kwance shi ba. Babanka ya ce, "Ki jera kayanki mana, mutane suna shigowa." Na ce, "A jera kuma a kwashe? Ba baɗi za mu koma ba?" Ya yi murmushi ya ce, "Allah Ya kai mu." Baɗi ta zo, na sake cewa baɗi. Shekara biyar ina girki a tukunyar aro, ina kwana ina tashi kamar mai jiran mota a tasha. Duk abin da na gani sai na auna shi da na gida. Ruwan nan ba daɗi, tuwon nan ba ya riƙe ciki, ko ladanin unguwa na ce muryarsa ba ta kai ta namu ba. Ranar da na buɗe adudun, zan zo kan wannan, damshin garin nan ya riga ya gama da zannuwan, sun yi fumfuna, suna yagewa a hannu. Ban taɓa ɗaura su ba ko sau ɗaya.

Ba ka faɗa ba, amma na rantse kayanka har yanzu suna cikin akwati. Fito da su. Ka buga ƙusa ka rataya rigarka. Ka shimfiɗa buzun sallarka wuri ɗaya ka bar shi a nan. Ka sayi kofinka na kanka, ka zaɓi mai burodi ɗaya ka riƙa zuwa wurinsa kullum har ya gane fuskarka ya fara tambayar lafiyarka. Muddin kana zaune da takalmi a ƙafa kana kallon ƙofa, yaren nan ba zai shiga kanka ba, don a ranka ka riga ka ce ba za ka buƙace shi ba. Wannan kam ba sai da malami ba, yau ma za ka iya yin sa.

Na biyu ya fi wannan muni, girman kai ne da ni na ɗauka kunya ce. Gidan da muka sauka gidan haya ne, kowane ɗaki da inda mai shi ya fito. A ciki akwai Mma Azara, Badagombiya mai sayar da koko da ƙosai, wadda kai da tsufanta ka san ta. Hausarta irin ta Zongo ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Takan ce mini, "Amariya, ka tashi lafiya? Mijinka ya dawo daga Kumasi?" Ni kuwa in shige ɗaki in yi ta dariya, in babanka ya dawo in kwaikwaya masa. Ban taɓa tsayawa na yi tunani ba. Matar nan tana jin Dagombanci, da Tonanci na Asante, da yaren Gaa na masu garin, da Hausar da nake rainawa. Ni kuwa Hausa ɗaya tak gare ni, ita ɗin ma a bakin uwata na tsince ta, ba wahalata ba ce.

Bayan dangarmu akwai wata mata 'yar ƙasa, Anti Dede, mai soyayyen kifi da dokunu, wanda a lokacin ko warin tsamin masararsa ba na so. Ka tuna ta, ita ce mai kiranka Kwao, sunan ɗan Alhamis a wurinsu, mai cusa maka kan kifi a hannu in ka zo wucewa. Ta rasu kana aji uku. Kai dai ka tashi ka gan ta aminiyata, to ba haka muka fara ba. Kullum da safe in na fito shara sai ta leƙo ta kan danga ta ce, "Ojekoo." Ni in sunkuyar da kai in ci gaba da shara. Mma Azara ta ce mini, "Ina kwana ne yake yi maka. Ka amsa mana, ba zagi ba ne." Ta koya mini amsar, na kwana biyu ina maimaita ta a ɗaki. Ranar da na gwada, Anti Dede ta saki ludayi ta tafa hannu, ta ƙyalƙyale da dariya, ta kira matan gidansu su zo su ji. Suka zo suna dariya suna nuna mini in sake. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na jefar da tsintsiya na koma ɗaki na sha kuka, na yi rantsuwa ba zan ƙara ba su abin dariya ba. Na kuwa riƙe rantsuwar nan shekara huɗu. Cefane babanka ke yi, in ya yi tafiya Mma Azara ta yi mini. Kasuwar Makola da kowa ke zuwa, ni ko hanyarta ban sani ba.

Can daga baya, da bakina ya buɗe, na tambayi Anti Dede dariyar me suka yi mini ranar. Ta ce, "Daɗi muka ji mana! Mu da muka ɗauka bebiya aka kawo wa mai goro." Ka ji fa abin da na yi wa fushin shekara huɗu. Baƙo ba ya iya rarrabe dariyar murna da ta raini, duk ta raini yake ji. Ko ma ta rainin ce, ba wanda ta taɓa kwantarwa a asibiti. Ka yi dariyar tare da su, sannan ka ce su faɗa maka daidai. Kai da ka taso a Nima kana juya harshe huɗu tun ba ka shiga makaranta ba, a littafi ka koye su? A bakin famfo ka koye su, da filin ƙwallo, da gaban teburin mai wake da shinkafa. Yanzu don ka yi karatu ka zama mai takalmi da wando, sai ka ce ba za ka yi magana ba sai ka iya. Ta ina za ka iya ɗin?

Na uku shi ne wanda har yau in na tuna sai na nemi gafarar Allah. Ka san bikin shekara na mutanen Gaa, lokacin da sabuwar masara ta zo. Suna dafa kpokpoi, garin masara da manja, da miyar kwakwa da kifi, su yayyafa kaɗan a ƙofofi saboda kakanninsu, sauran a ci a raba wa maƙwabta. A shekarata ta uku, ranar bikin da hantsi, sai ga Anti Dede ta zagayo har ƙofar ɗakina, ta sha ado, da kwano a rufe. Ta durƙusa ta ajiye, ta yi magana mai tsawo tana nuna kwanon, tana nuna ƙirjinta, tana nuna ni. Ban ji komai ba. Mma Azara tana kasuwa, babanka yana Kumasi. Abin da na sani kawai shi ne an taɓa ce mini abincin nan na tsafi ne.

Ɗanlami, da na karɓa na ce na gode ko da Hausa ne, na shige da shi ɗaki, in ba zan ci ba in san yadda zan yi da shi a ɓoye, da babu wanda ya ji ciwo. Ban yi haka ba. Tana juya baya na ɗauki kwanon na juye wa agwagi a tsakar gida, ta waiwayo ta gani da idonta. Sannan na rataya kwanon a kan danga da manjansa da komai, ko ɗauraya ban yi ba. A raina ina ganin aikin lada na yi. A wurinmu da wurinsu duka ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam, ko ɗan gishiri ne sai an sa a ciki. Na san haka sarai, innata ta koya mini tun ban kai tsayin turmi ba. Kwanon ya kwana uku a kan dangar nan kafin ta ɗauke. Daga ranar gaisuwar safe ta ƙare.

Da Mma Azara ta ji, ta shigo ɗakina ko sallama babu. Ta ce, "Amariya, ka yi abin kunya. Matan nan ya sayi sabon tukunya saboda kai. Ya dafa naka daban tun ba a zuba ma kowa ba, kifi kawai ya sa, don ya san ba ka cin yankansu. Ni ya tambaya, ni na gaya mishi." Ashe doguwar maganar nan da ta yi a ƙofata, abin da take bayyana mini ke nan. Na san na yi laifi, amma girman kai bai sake ni ba. Na ce, "To ni na aike ta?" Da babanka ya dawo ya ji, bai yi faɗa ba, ya ce kawai, "Ki je ki ba ta haƙuri." Na ce da wane baki? Gaskiya ne kuma, ba ni da bakin, aika wani ya roƙa mini kuwa na ga zubar da girma ne. Haka muka zauna shekara biyu, danga ɗaya tsakaninmu, ko kallon juna ba ma yi.

Sai ga cikinka, bayan na fid da rai da haihuwa. Wata Alhamis da damina babanka yana hanya, matan gidan duk sun tafi suna a Maamobi. Ni na zauna saboda nauyin jiki, ina ganin da sauran sati uku. Wajen azahar ruwa ya kece, rafin nan da yanzu ya zama babbar kwata ya cika ya hana tsallakawa. Naƙuda ta taso mini gadan-gadan. Na yi ta kira har muryata ta dushe, ƙarar ruwa a kan rufi ta danne ta, kuma babu ma wanda zai ji. Na rarrafa zuwa bakin ƙofa. Ban san yadda aka yi Anti Dede ta hango ni ba. Na dai ga mace ta ture dangar nan da ƙafa ta shigo, jiƙe sharkaf, hannunta duk ƙullun masara.

Ba ta ce mini komai kan abin da ya wuce ba, in ma ta ce ban ji ba. Ta wanke hannu, ta hura wuta, ta riƙe ni. Tana ba ni umarni da yarenta, ina kuka da nawa. In tana so in yi nishi sai ta yi nishin da kanta in kwaikwaya. Ka fito da cibiya naɗe a wuya, ba kuka, ba motsi. Ina kallo ta sa yatsa ta warware, ta kifa ka ta bubbuga bayanka, ta sa bakinta ta zuƙe abin da ya toshe maka hanci ta tofar. Sannan ka tsala ihu. Ta ɗora ka a ƙirjina, ta zube a ƙasa tana haki, hawaye na bin fuskarta. Can sai ta ɗaga hannuwanta zuwa kunne tana nuna mini kai. Ban gane ba, sai da ta ce "Allahu akubar" da bakinta na Gaa. Ashe ta sha ganin yadda muke yi wa jariri kiran salla a kunne, ta ga babu namiji a gidan, shi ne take tuna mini. Ni na yi maka shi da kaina, matar da na wulaƙanta tana riƙe da kanka.

Ina so in ce na gode, ina so in ce ki yafe mini, ko ɗaya ba ni da shi. Na kama hannunta kawai na riƙe har ruwan ya tsagaita.

Bayan na yi arba'in na jawo adudun nan na kwance. Na zaɓi tasa mafi kyau cikin na innata, na cika ta da masa da zuma, na goya ka na zagaya. Anti Dede ta karɓa, ta dube ni, ta turo mini kujera 'yar tsugunno da tarin ɓawon masara. Nan makarantata ta fara. Kullum in na gama aikina sai in je in taya ta naɗin dokunu. Ta ɗaga abu ta faɗi sunansa in maimaita, a yi dariya, in sake. Ruwa, wuta, gishiri, kawo, ya isa, ya yi zafi. Abin da hannu yake taɓawa shi ya fi saurin zama a kai. Na kuma koma wurin Mma Azara da kaina a ƙasa, ta zama mai gyara mini abin da na kwaso a karkace, ba ta taɓa tuna mini dariyar da na yi mata ba, ko da yake na san ta sani. Kafin ka fara tafiya na fara bin su Makola. Ranar da na yi ciniki da bakina, har na yi cacar baki da mai tumatir na kuma ci nasara, na dawo gida ina rawar kai, babanka ya ce ko sarauta aka ba ni a hanya.

Sai da ka shekara biyu, kana gudu tsakanin ƙafafunmu, sannan na tara kalmomin da za su ishe ni. Muna cikin naɗi na ce, "Anti, abincin nan da na zubar, ki yafe mini." Ta ƙarasa naɗe na hannunta ta ajiye. Sannan ta ce, "Abincin bai dame ni ba, agwagi ma na Allah ne. Kwanon ne. Kwana uku ina kallonsa ina jira ko za ki wanke." Na fara hawaye. Ta ce, "Na ga yarinya ce ba uwa kusa, na ce bari in matso. Ya wuce. Naɗa da kyau, wannan zai kwance a tukunya." Maganar da ba ta kai numfashi biyu ba, shekara huɗu ta ci kafin ta fito daga bakina.

Yanzu mu dawo kanka. A tsakiyar takardarka akwai wani abu da ka ambata ka wuce da sauri, kana ganin ba zan lura ba. Ka ce tsohuwar da kake haya a gidanta, wadda kuke kira Teyze, ta hawo maka da miya mai zafi ranar da ka yi mura. Ta tsaya tana magana ba ka gane ba, kunya ta kama ka, ka karɓa ka rufe ƙofa, kuma tun ranar sai ka ji ta shiga ɗaki kake saukowa. Da na zo wurin nan sai da na ajiye takardar na riƙe baki. Ina kwanon? Yana wurinka, na sani.

Ka wanke shi tas. Ka zuba mata ƙuliƙulin da na sa maka a gwangwani in ba ka cinye ba, in ka cinye ka sayi dabino. Kada dai ka ba ta yajin shiton nan mai barkono, kada baiwar Allah ta ɗauka kashe ta ka zo yi. Ka ƙwanƙwasa ƙofarta, ka faɗi 'yar godiyar da aka koya muku a aji ko da za ta fito a karkace. In ta ce zauna, ka zauna. In ka tarar tana tsintar shinkafa ko feraye dankali, ka sa hannu, ba a Nima kake ba balle abokanka su gani su yi maka tsiya. Ka ɗaga cokali ka tambayi sunansa. Tsofaffi suna da lokaci, ba sa gajiya da maimaita magana, abin da suke nema ma ke nan, wanda zai saurara. Malaminku zai ba ka Turkancin cin jarrabawa, ita kuma za ta ba ka na zama da mutane. Ka tuna marasa lafiyar da za ka fara dubawa a can irinta ne, kuma da irin bakinta za su gaya maka inda yake musu ciwo.

Haka maganar masallaci. Ka ce wani dattijo ya ga ka saki hannu a salla, ya kama su ya ɗora maka ɗaya kan ɗaya, ka ji haushi ka koma salla a ɗaki. Haba Ɗanlami. Nan Nima ba ka ga ja-in-jar da ake yi kan ƙablu da sadalu ba? Dattijon nan ya ɗauka ba ka sani ba ne, ya gyara maka yadda zai gyara wa jikansa. Ka koma, ka ma tsaya kusa da shi. Ranar da bakinka ya buɗe sai ka gaya masa yadda malamanmu suka koya mana, ka ji nasa. Ban ce ka bar abin da ka taso a kai ba. Ni har Anti Dede ta bar duniya ban taɓa zuwa wurin yayyafinsu ba, ita ma ba ta taɓa kira na ba, amma kowace shekara ina cin nawa na tukunyar daban, ita kuma tana cin naman layyarmu. Abin da addini ya hana ka bar shi, sai dai ka bar shi da ladabi, kada ka kunyata wanda ya miƙo maka da zuciya ɗaya.

Saura kuskure ɗaya, shi kuwa bai tsufa ba, na shekaranjiya ne. Da na karanta inda ka ce in je wurin kawunka, ka san abin da na ji? Daɗi. Ba zan ɓoye maka ba, daɗi na ji har cikin raina. Tun ranar da muka raka ka filin jirgi gidan nan ya yi mini faɗi. Babanka ba ya nan, ƙannenka suna ɗakunan mazajensu. Sau da yawa sai na zuba abincin mutum biyu sannan in tuna. Laraba da safe na buɗe ɗakinka na share, na shanya katifa, na ƙulle takardarka a bakin mayafi na kama hanyar Kotobabi. Ina tafe ina shirya yadda zan ce wa kawunka sanyi zai kashe mini yaro. Na san shi, in na yi kuka a gabansa, a ranar zai fara neman hanya.

Na iso kasuwar Malam Atta, sai wata mai kifi da muka saba ta kira ni da yaren Gaa. Muka gaisa, muka taɓa wasa da dariya, ta ce, "Ina likitanmu? Yaushe zai dawo ya duba mini gwiwar nan?" Na buɗe baki zan ce yana hanya, sai na ji abin da nake shirin aikatawa. Ni da na san abin da ke bayan wahalar nan, ni ce zan je in ciro ka kana wata uku, kuma ba don kai ba, don gidana ya yi shiru. Da a watana na uku wani ya buɗe mini hanyar komawa, da gudu zan bi ta, in je Katsina in yi ta ba da labarin mutanen bakin teku marasa kirki, in mutu a kan haka. Na sayi kifin na juyo gida. Kawunka bai ga takardar ba, kuma ba zai gan ta daga hannuna ba.

To ga amsata. Ba zan je Kotobabi ba. Ka zauna ka yi azumi a can, ka sha ruwa tare da mutanen gidan, ka yi idi a masallacinsu, ka bari sanyin ya wuce ka ga garin da rana. Kowane wata ka rubuto mini, ka sa kalma biyar na Turkanci da ma'anarsu da wanda ka ji su a bakinsa, na littafi ban yarda da su ba. In ka yi wannan da gaskiya har bayan babbar salla, ka ga duk da haka ba za ka iya ba, ka rubuto. Ni da kaina zan je in roƙa, ni zan tarbe ka, kuma duk wanda zai ce maka ka kasa a Nima sai ya fara bi ta kaina. Amma don Allah kada ka sake roƙo na kafin lokacin. Sau ɗaya na iya juyowa daga hanyar nan, ban tabbata zan iya na biyu ba.

Allah Ya buɗe maka harshe da ƙirji, Ya sa mutanen ƙasar su zame maka dangi. Allah Ya tsare ka daga ciwo da haɗari, a tudu da kan ruwa. Ka riƙa rufe wuyanka da ƙirjinka in za ka fita, ka ci abinci mai zafi. Ka gaishe mini da tsohuwar, ka ce mata wata uwa a Nima tana godiya, ka nemi yadda ake faɗa ka faɗa da bakinka. Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo mini da kai lafiya a lokacin da ya fi maka alheri, ko da ba shi ne wanda nake so ba. Amin.

Ni ce mahaifiyarka.